Balas ɗin da Na Yanka

Motar da muke kira Sharon kujeru bakwai maƙeranta suka yi mata: biyu a gaba, uku a tsakiya, biyu a baya. In ka cire ta direba, saura shida. Kamfanin Volkswagen ne ya fara fitar da ita a 1995, daga wata masana'anta a Fotugal inda ake ƙera ta tare da 'yar'uwarta Ford Galaxy, kuma don magidancin Turai aka yi ta, mai 'ya'ya uku ko huɗu da jakar tafiya hutu. Sai ta gama ƙuruciyarta a can, sannan ta hawo jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, ta iso mana da sunan sabuwa. A nan lissafinta daban ne. Biyu a kujerar gaba, huɗu a tsakiya, a baya kuma a cire kujeru biyun a ƙera benci ya ɗauki uku, wani lokaci huɗu in an dace da marasa jiki. Ranar kasuwa but ma wurin zama ne: a ɗage murfin, a ɗaure shi da igiya, yaro ɗaya ko biyu su hau kan buhuna suna lilo da ƙafa a saman kwalta. Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Daura zuwa Kano ta Kazaure, ko zuwa Katsina, ko ya bi 'yan kasuwa Mai'adua ran Lahadi, ya san wannan zaman, ya kuma san yadda ƙafa ke mutuwa tun ba a kai rabin hanya ba.

Na daɗe ina cikin masu yi wa direbobi Allah-ya-isa a zuci. In ɗan kamasho ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, a ɗan gyara, saura mutum ɗaya," alhali kafaɗata ta riga ta hau ta maƙwabcina, abin da ke zuwa mini shi ne mutanen nan ba sa ƙoshi. Haka nake kallonsu har 2018, shekarar da na kwashi adashe, na haɗa da kuɗin shanun da na sayar, na sayi tawa Sharon ɗin. Albashin malamin makaranta ba ya kai wata, kuma a garinmu in ma'aikaci ya samu kuɗi a dunƙule, ko ya sayi fili, ko ya ɗaure sa, ko ya saka mota a hanya. Ni mota na zaɓa saboda akwai direba a gida, ɗan yayata, wanda ya yi yaron mota tun yana saurayi, ya samu lasisi, yana ta tuƙa motocin mutane.

A zaure aka yi maganar bayan la'asar. Yaya ta aiko da cewa ga ɗana nan, amana ta ba ni, shi ma amana ta ba shi. Sharuɗɗan su ne waɗanda kowane mai mota ya sani. Kullum da dare zai kawo balas, kuɗin da aka yanka wa mota ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba. Mai nasa ne, kuɗin tasha nasa ne, taya da faci da ƙananan gyare-gyare nasa ne, haka duk wata rigimar hanya. Inji da giya in sun lalace nawa ne. Abin da ya ragu bayan wannan duka shi ne abincinsa. Adadin kuwa ba ni na ƙirƙiro shi ba. Na tambayi masu motoci abin da suke karɓa, na ɗan rage saboda zumunci, har ina jin na yi abin kirki. Ya ce, "To Kawu, Allah ya sa albarka." Aka shafa fatiha aka tashi. Babu wanda ya tambaya a zauren nan kai nawa motar za ta ɗauka kafin kuɗin ya fito.

Sai daga baya na zauna na yi wannan lissafin, kuma da kujeru na yi shi, tunda naira ba ta zama wuri ɗaya. A tafiya ɗaya zuwa Kano, kuɗin kujera uku, wani lokaci har da wani abu na ta huɗu, gidan mai yake tafiya. Kusan kujera guda tana narkewa tsakanin kuɗin lodi, kamasho, da ɗan abin da ake miƙawa ta taga a shingaye wanda ba shi da rasit. Kujera ɗaya da ɗoriya tawa ce. Shida sun ƙare ke nan, ba a zo kan direba ba. Wannan ma in ya samu lodin dawowa ne, domin akan yini a layi a Kano a taso da mutum uku. Cefanen gidansa, kuɗin makarantar 'ya'yansa, tayar da zai saya, duk a wuyan fasinja na bakwai da na takwas da na tara suke rataye. Ban taɓa buɗe baki na ce masa ya yi obalodi ba, kuma da wani ya ce ni na sa shi, da rantsuwa zan yi. Amma kuɗin da na yanka masa ba ya fitowa sai da obalodi.

A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, bayan 'yan watanni kuma ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wanda bai san masarautar Daura ba zai ɗauka labarin 'yan fasa-ƙwauri ne kawai. Ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar, Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure, kuma ukun ƙarshe da Nijar suke katanga ɗaya. Kwangwalam da Babban Mutum ƙofofi ne da ake shiga ake fita tun kaka da kakanni, kasuwar Mai'adua kuwa ba ta cika sai da mutanen tsallake. Fasinja ya ragu, mai ya koma hannun 'yan bumburutu. Balas bai motsa ba. Ana cikin haka korona ta shigo, Daura ta zama gari na farko da aka kulle a jihar Katsina a watan Afrilun 2020. Da aka sassauta, aka ce a rage fasinja don a samu tazara, na ga abin da ban taɓa gani ba: Sharon da mutum ɗaya a gaba, uku a tsakiya, kowa da sararin miƙe ƙafa. Kuɗin mota ya tashi, aka yi gunaguni, aka biya. Tsoron cutar da ba a gani ya yi a 'yan makonni abin da gawarwakin da muke gani a gefen titi suka kasa yi a shekaru. Da tsoron ya tafi, ɗan kamasho ya dawo da "a ɗan gyara".

Bayan wannan ne aka fara kama motar da takarda. Jami'an hanya suka tsayar da shi, suka ƙirga kawuna, suka samu goma, suka rubuta masa tara, aka ajiye motar sai an biya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda muke kira 'yan rod sefti, an kafa ta a watan Fabrairun 1988 zamanin Babangida, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma dokar 2007 da take aiki da ita ta jera laifuka kowanne da farashinsa. Lodi fiye da ƙa'ida naira 10,000 ne da maki uku a kan lasisi. Rashin ɗaura bel 2,000, tuƙi da sudaddiyar taya 3,000, tuƙin ganganci 50,000. A banki ake biya, a kawo shaida, ko kuma a gurfanar da mutum gaban kotun tafi-da-gidanka in ta zauna a ranar. Ga kuma na jihohi: KAROTA a Kano, KASSAROTA a Katsina, kowa da nasa hurumin. Doka dai ba ta yi ƙaranci ba.

Ranar na yi masa faɗa sosai, irin faɗan malamin makaranta, da misalai da tambayoyin da ba a jiran amsarsu. Ya sunkuyar da kai har na gama, sannan ya ce, "Kawu, in ka ce shida, gobe shida zan ɗauka. Amma da dare kada a tambaye ni balas." Na ɗauki maganar rashin kunya ce. Shi ya biya tarar daga aljihunsa, kamar yadda aka yi sharaɗi a zaure, washegari kuma ya kawo mini balas na kwana biyu, har da na ranar da motar ta yini a tsare. Na karɓa, na ƙirga, na sa a aljihu.

Tarar nan ta naira 10,000 ta cancanci a tsaya a kanta. Lokacin da aka rubuta ta a 2007, shekarar da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki, litar fetur ba ta wuce naira 75 ba, wato tarar ta kai kuɗin lita fiye da 130. Kuɗi ne mai sa direba ya yi tunani. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tarar da ta kai lita 130 ta koma lita goma. Direba ya fi ni iya lissafi: kawuna uku na ƙari a kowace tafiya sun biya wannan cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ba kullum ake kamu ba. Sai tarar ta shiga sahun sauran kuɗaɗen aiki, ita da man giya da faci. Wata biyu bayan cire tallafin sojoji suka yi juyin mulki a Yamai, aka sake rufe iyaka har zuwa Maris ɗin 2024. Kuɗin mota ya ƙaru, amma bai bi sawun mai ba, saboda fasinjan ba shi da shi. Ni kuwa da na ga buhun masara ya ninka, kayan gyara sun ninka, sai na ƙara balas. Kowane mai mota ya ƙara, na gaya wa kaina.

A bazarar 2024 abin ya faru, ran Lahadi da yamma, yana dawowa daga kasuwar Mai'adua. Tafiyar ba ta da nisa, shi ya sa ma ake cika motar fiye da ta Kano, kowa ya ce ai nan da nan ne. Mutum tara a ciki, buhunan wake da gero a but, samari biyu a kan buhunan, murfi ɗaure da igiya. Kwalta ta yini tana shan rana. Tayar baya ta dama ta fashe. Allah ya taimake shi bai danna birki ba, ya riƙe sitiyari, motar ta yi ta wutsil-wutsil har ta sauka gefen hanya ta cake a yashi, ba ta kife ba. Na ciki sun bubbuge, wata tsohuwa ta fasa goshi a bayan kujerar gabanta, wanda ke zaune kan birkin hannu ya gurɗe a gwiwa. Igiyar but kuwa tun a fizgar farko ta tsinke. Ɗaya daga cikin samarin ya faɗa yashi ya tashi da ƙujewa. Ɗayan a kwalta ya sauka, ya karye a cinya, ƙugu ya goce. Ɗan dako ne a kasuwa, bai fi shekara ashirin ba, kuma rabin kuɗi ya biya, don haka ake biyan but.

An kai shi asibiti a daren, aka ɗauki hoto, aka faɗi abin da aikin zai ci. Bayan 'yan kwanaki danginsa suka ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori a ƙauyensu, wani ɓangare saboda kuɗi, wani ɓangare saboda sun fi yarda da shi. Ƙashin ya haɗe, amma ƙafar ta gajarce. Yana tafiya, sai dai buhu ya fi ƙarfinsa har abada.

Mai faci ne ya fara karantar da ni, ni da nake karantar da 'ya'yan mutane. Da na je ganin ragowar tayar ya ce, "Malam, zo ka ga wani abu." Ya goge gefenta da tsumma ya nuna mini lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Tamu ta haura shekara takwas, alhali 'yan rod sefti shekara huɗu suke cewa taya ta yi. Ya sake nuna mini wata lamba kusa da girman tayar. An rubuta 91, ma'ana kilo 615 ne iyakar abin da za ta ɗauka. Ya ce mota irin wannan 95 take so ko sama, mai ɗaukar kilo 690. "Wannan ta ƙaramar mota ce, Malam, 'yar Kwatano. Ita ce mai araha." In nauyi ya yi yawa, gefen taya yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, ga zafin kwaltar bazara daga ƙasa, har zaren ciki ya rabu da roba. Daga waje ba a ganin komai sai an ji ƙara.

Bakanike ya ɗora nasa. Sharon da tayoyin gaba take ja, da su kuma take juyawa. In aka danne bayanta da buhuna da mutane, hancinta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu, fitilu su koma haska sama da idon mai tahowa. Birkin an yi shi ne don wani nauyi da aka rubuta a jikin motar. In an wuce shi, tazarar tsayawa ta ƙaru, in aka yi ta takawa ya yi zafi ya daina kamawa. Ya ce shi kansa ana kawo masa motoci ya ƙara musu ƙarfe ko roba a sifirin na baya don kada a ga sun zauna. Nauyin yana nan, an dai ɓoye shi ne daga ido. Iyakar gudun motar haya a irin hanyoyinmu kilomita 80 ne a awa, kuma ko a haka mota tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya; a 120, wanda direbobin Sharon ba sa ɗaukarsa gudu, mita 33 ne. Muna yara in aka cika wa jaki mangala fiye da ƙarfinsa sai ya durƙushe, ko za a kashe shi da duka ba zai tashi ba sai an rage. Mota ba ta da wannan wayon, ko me aka ɗora mata za ta tashi.

Sai maganar bel. Tun 2003 ake tilasta ɗaura shi a Najeriya, amma motar bel bakwai gare ta. Wanda aka cusa tsakanin direba da fasinjan gaba ba shi da ko ɗaya, cinyarsa ma ita ce ke tare giya. Mutum huɗu a layin da ke da bel uku, ba wanda zai iya ɗaurawa, an ma zauna a kan maƙallan. Bencin baya da aka ƙera a gareji bai san da zancen ba. Saboda haka ranar da aka yi karo, na baya su ne ke zubowa kan na gaba. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra sun nuna sama da mutum 5,000 ne suka mutu a hanyoyin ƙasar nan a 2023, haka ma a 2024, kuma gudu ne ke kan gaba a jerin dalilan da take kawowa. Lodi yana can ƙasa a jerin, amma ni ina ganin ɓuya yake yi. In taya ta fashe za a rubuta fashewar taya, in mota ta ƙwace a rubuta ƙwacewa. Kuma ko ba shi ya jawo haɗarin ba, shi ke ƙayyade yawan likkafani: Sharon biyu in suka yi taho-mu-gama, mutum goma sha huɗu ya kamata a samu a ciki, sai a ji rediyo ta ce ashirin da wani abu.

Na je ƙauyen saurayin tare da ɗan yayata, muka zauna a tabarma a ƙofar gida. Mahaifinsa dattijo ne manomi. Ban gama jajen ba ya tare ni: "Haba Malam, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Shi ma direban ai bai so ba. Mun yafe duniya da lahira." Na miƙa abin da na zo da shi, ya ƙi, sai da maƙwabta suka sa baki. Na taso ina jin an sauke mini kaya. Kafin mu iso Daura kayan sun dawo, sun fi na da nauyi. Da dattijon ya yi mini ihu, ko ya kai ni kotu, da na samu abin da zan kare kaina da shi, in ce ai ba ni ke tuƙi ba. Yafiyarsa ba ta bar mini wannan ƙofar ba. Kuma na lura direba ya yafe wa. Ni bai ma san akwai abin da zai yafe mini ba.

Na kai maganar wurin malamin da muke karatu a zaurensa bayan magariba. Ya tuna mini cewa Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin zaure a ƙasar Hausa ya bi ta kanta, ta ɗora lamuni a kan mai kora dabba da mai janta da mahayinta game da abin da ta taka, kuma malamai da yawa a kan wannan suke auna direba. Ya ce imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke diyya ko kaffara daga kisan kuskure ba, in ba haka ba da ba a shar'anta su ba. Na tambaye shi to mai motar fa, wanda yana gida lokacin da abin ya faru? Bai ba ni fatawa ba. Ya ce, "Kai da shi kuka yi sharaɗin. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya san sauran." Ya buɗe littafi ya ci gaba da karatu.

Ina jin masu cewa a ninka tarar sau biyar ko goma, kuma na yarda naira 10,000 ta zama wasa. Amma in an ninka ta aka bar komai yadda yake, mutum ɗaya za ta ci gaba da faɗa wa, wanda ya fi kowa rauni a cikin masu cin kuɗin motar. Sunan mai mota yana cikin takardun da direba ke miƙawa a shinge, amma ba a taɓa kirana ba. Da rabin tarar a kaina take, ko da an ce mota in an kama ta sau kaza za a dakatar da takardunta, da tun a zaure na yi tambayar da ban yi ba. Sannan ba a daji ake yin lodin nan ba. A tasha ake yinsa, da rana tsaka, da adadin da kowa ya amince da shi, kuma kuɗin kujera a kan wannan adadin aka yanka shi. Jami'in da ke tsaye a kan hanyar Kazaure yana ƙirga abin da aka riga aka gama shiryawa ne. In ya sauke mutum uku a nan, a tsakiyar hanya ya bar su, da kayansu, kuma motar da za ta kwashe su ita ma a cike take.

Fasinja ma yana da nasa, ko da yake ba na son ɗora masa da yawa. Mun gwada: na ce ya ɗauki shida, a raba kuɗin kujeru ukun a kan sauran. Ya yini a tasha. Mutum ya zo ya ji kuɗin, ya leƙa ya ga sarari, ya wuce motar baya inda za a matse shi a rangwanta masa. Ba zan zargi matar da za ta kai ɗanta asibiti Katsina da kuɗin da ta ranto ba. Mota ɗaya ba ta iya yin gaskiya ita kaɗai a layin da ke da mota talatin. Ko dai tashar gaba ɗaya ta koma shida da sabon farashi, kamar yadda aka yi lokacin korona, ko mai gaskiyar ya koma gida. Masu hali sun daɗe da samo tasu mafitar, su biya kuɗin mutum biyu su zauna gaba su kaɗai. Ni ma na sha yi. Yana hana ciwon ƙafa, amma bai rage ko kilo ɗaya daga kan tayar baya ba, don ɗan kamasho zai nemi inda zai cusa wanda aka hana gaban.

Wani abin dariya, in abin dariya ne: garin nan namu shi ke da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda marigayi Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a watan Disambar 2019, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 ta Daura aka zana shi. Ɗaliban da za su koyi ilimin sufuri a Sharon suke zuwa, huɗu a tsakiya. Ina fatan cikinsu wani zai ɗauki lissafin kujerun nan ya yi shi da kyau, da alƙaluma, ya fi nawa na bayan ambulan.

Abin da na iya yi a gidana kaɗan ne. Na soke balas. Yanzu in ya dawo, a cire kuɗin mai da na tasha, abin da ya ragu mu raba, ranar da babu kowa ya haƙura. Taya ta dawo wuyana, sabuwa nake saya mai lambar da ta dace, kuma ni nake zuwa in duba shekararta. Tara ma tawa ce. But an haramta shi, ko ran Lahadi, gaba kuma mutum ɗaya. Yaya da ta ji sabon tsarin ta aiko a tambaye ni ko wani laifi ɗanta ya yi da na daina yarda da shi, sai da na je da kaina na yi mata bayani. Abin da motar ke kawo mini ya ragu ƙwarai, wani watan kuɗin gyara ma bai fitowa, kuma masu motocin da na tambaya a 2018 suna ganin na samu taɓuwa. Saurayin nan mun haɗa masa ɗan jari, yana sayar da rake da kankana a bakin kasuwar da yake dako a da.

Tsakiya dai har yau huɗu ce, baya uku, saboda a kan haka tasha ta yanka kuɗin kujera, kuma ban samu yadda zan fitar da motata daga layi ta ci gaba da aiki ba. Takwas ke nan a motar mutum shida. Da aka sake kama shi kwanakin baya a hanyar Kano, ya kira ni ya ce, "Kawu, sun rubuta." Na nemi izini a makaranta, na je banki na bi layi na biya, na aika masa hoton takardar ta waya, aka sake shi kafin azahar ya ƙarasa da mutanensa takwas.